Tambayar Tsoho Mai Albasa

Akwai wani malamin makaranta a Maiyama, mutumin Zuru, ana ce masa Amos. A coci ba wanda ya kai shi baki. In aka zo maganar yaɗa bishara, shi ne mai ɗaga murya yana cewa kada Kirista ya ji kunyar bangaskiyarsa. Amma da ya fito ƙofar coci sai ya tura Littafinsa Mai Tsarki cikin baƙar leda, ya ƙulle bakinta kamar wanda ya sayo kifi.

Ni dai ban ga laifinsa duka ba. Baƙo ne, ga mata ga 'yarsa Glory, kuma ya sha jin yadda kalma ɗaya a kan addini take jawo wa mutum abin da bai shirya ba.

Ranar kasuwa, wajen wani tsoho daga Karaye, wani ƙauye a yankin, yake sayen albasa, Baba Malami. Wata rana tsohon yana cikin zuba masa a buhu, sai ya rage murya.

"Malam Amos, an ce kai Kirista na."

Amos ya ce, "Haka ne, Baba."

"To in mutum ya mutu, ku mi kuka cewa bisa kabarinai?"

Amos ya waiga hagu da dama. Ga samari biyu kusa, ɗaya riƙe da waya. Ya ce a ransa shi ke nan, naɗar muryarsa ake yi.

"Baba, ni lissafi nake koyarwa," ya ce, ya suri buhunsa ya yi gaba.

A gida ya zayyana wa matarsa Lois komai. "Tarko ne. So suke in faɗi abin da za su riƙe."

"Baban Glory, tsohon da ko haƙoran gaba babu?"

"Ai irinsu ake turowa, don ba a zarginsu."

Daga ranar ya daina bin layin 'yan albasa. Har Jega yake zuwa cefane, ya ƙona mai a kan abin da ke bayan gidansa. Bayan mako biyu maƙwabcinsa ya ce masa wani tsoho ya zo yana tambayar ko nan malamin nan Kirista yake zaune. Washegari aka ce an ga tsohon a bakin makaranta.

Tsoro ya cika Amos sosai. Ya zauna ya rubuta takardar neman canjin wurin aiki. Shekara shida yana Maiyama, ɗalibansa na sonsa, Glory ta saba da ƙawayenta, amma ya yanke cewa Litinin zai miƙa ta.

Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofa. Muryar tsohon ce.

"Ki ce ba na nan," Amos ya raɗa wa Lois.

"Kai ka koya mana a coci cewa ƙarya zunubi ce. Ni ba zan yi ba."

Ta fita ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Dole Amos ya fito, ya zauna a can ƙarshen tabarmar kamar mai shirin tashi.

Baba Malami ya sha ruwa, ya dube shi. "Na san guduna kaka yi. Ka saurare ni sau guda, in na ƙare ka kore ni."

Ya ce shekara ashirin da biyu da suka wuce, wani mai haƙar rijiya ya zo Karaye shi kaɗai yana neman aiki, sunansa Stephen. Shi ya haƙa masa rijiyar gonar albasa. Ana gama aikin zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku Malami yana jinyarsa a zaure, bai tashi ba.

"Kahin shi cika ya riƙe hannuna, yac ce in samo wani nasu shi yi mai addu'a irin tasu. Nic ce na ɗauka. Ba mu san garinsu ba, ba waya lokacin. Munka rufe shi gehen gonata. Ban taɓa sa garma wurin ba. Amma alkawalin nan shina nan bisa wuyana, ga shi na tsuhwa, ba ni son in tahi da shi."

Amos ya kasa ɗaga kai. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko littafinsa, ya goya tsohon a babur har Karaye.

A gefen gonar, bayan fangalin albasa, akwai ɗan wuri da aka kewaye da duwatsu, an share shi tas. Amos ya tsaya ya karanta inda aka yi maganar tashin matattu, ya yi addu'a cikin sunan Yesu. Baba Malami ya ja gefe ya tsaya har aka gama.

Sai ya tambayi ma'anar abin da aka karanta. Amos ya faɗa masa dalla-dalla, abin da suka gaskata da dalilin begensu. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ni Musulmi na, kuma nan nika. Amma yau na ji abin da bawan Allah wanga ya so a hwaɗa mai. Alhamdulillahi, na sauke."

"Baba, me ya sa ka jira har shekara ashirin da biyu?"

"Ban jira ba, Malam. Na tambayi wani Jega, na tambayi biyu Aliero. Kai na na huɗu. Duk da na buɗe baki sai su gudu."

Darasi: Ba duk mai tambayarka game da bangaskiyarka ne yake haƙa maka rami ba. Yin hattara daidai ne, amma ka saurari mutum har ƙarshe kafin ka yanke masa hukunci, ka kuma amsa masa da gaskiya da ladabi. Wataƙila shekaru ya yi yana neman wanda zai tsaya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, ko wani zai daina gudu.