Ɗalibar da Ta Tambayi Waya

Akwai wata ɗaliba mai suna Briskila, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Wata safiya tana wanka, sai ta ji wani ƙullutu a ƙarƙashin haɓarta, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ga asibitin makaranta nan kusa da ɗakunan kwanansu, amma ina! Sai ta ɗauki waya ta tambaya.

Waya kuwa ba ta taɓa cewa "ban sani ba." Ta jero mata cututtuka birjik. Briskila ta tsallake ƙananan duka, ta rungumi mafi muni, wato ciwon daji. Kullum tana kallon bidiyon masu jinya tana shafa wuya. Abinci ya ƙi shiga, karatu ya ƙi zama. Saura mako biyu a fara jarrabawar ƙarshe, ta ce a ranta, "Me mai mutuwa za ta yi da digiri?" Ta fara haɗa kayanta za ta bar makaranta, ba ta kuwa gaya wa kowa ba, wai don kada ta ta da hankalin mahaifiyarta.

Ran nan uwar ta kira daga ƙauye. Briskila ta ce, "Lafiya lau, Mama." Uwar ta ji muryar ba ta 'yarta ba ce. Washegari ta hau mota.

Da ta ga yadda yarinyar ta rame, sai tausayi ya kama ta. Briskila ta fashe da kuka, ta faɗi kome.

Uwar ta ce, "Wa ya gaya miki haka?"

"Waya, Mama."

"Wayar ta taɓa wurin?"

Uwar ta share mata hawaye da bakin zanenta, ta kama hannunta har asibiti. Likita ya latsa wuyan, ya haska bakinta, ya ce, "Kaluluwa ce, ga ruɓaɓɓen haƙorin da ya jawo ta." Aka cire haƙorin, kumburin ya sace. Briskila ta kwance kayanta, ta rubuta jarrabawa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'ya'yana ɗalibai: waya ba maƙiyiya ba ce, amma ba ta san ku ba, ba ta kuma da hannu. In kun karanta zancen lafiya, ku duba wanda ya rubuta, masani ne ko mai neman a kalle shi? Sa'an nan ku kai jikinku wurin wanda zai duba shi. Ko da ciwon babba ne, gara a gane shi da wuri.

Abin da ya kusa raba Briskila da karatunta ba ƙullutun ba ne, tsoron da ta ɗauka ita kaɗai ne. Ubangiji bai yi mu don mu ɗauki irin wannan kaya a ɓoye ba, shi ya sa ya ba mu juna. Na san a cikinku akwai mai cewa "lafiya lau" alhali zuciyarsa na kuka. Ɗana, 'yata, kada ka fita ƙofar nan yau sai ka gaya wa mutum ɗaya.