Nomau Mai Man Ido

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san kanti ba, sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. In ya shiga masallaci, can sahun baya yake tsayawa, kusa da takalma. Sana'arsa man ido.

Ku saurara in faɗa muku yadda sana'ar take, don yawancinku ba ku riske ta ba. Man kaɗe yake narkawa da kakin zuma, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗura a guntayen karan gora masu kaurin yatsa. In ya daskare, mai shafawa sai ta turo shi daga ƙasa da tsinke, ta goga a fatar idonta da ƙarƙashinsa. Ba ya maganin makanta, Nomau kuma bai taɓa cewa yana yi ba. Fata yake tausasawa, ya rage raɗaɗi. Masu sayensa su ne matan da ke wuni a bakin murhu, da masu tuyar ƙosai, da masu gasa tukwane, waɗanda hayaƙi ya cinye musu gefen ido. Da araha yake sayarwa. Wadda ba ta da kuɗi, ta miƙo ɗan gero ko ƙwai, ya karɓa.

To, bawan Allahn nan yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sani sai matarsa Gaje. Duk tukunyar da ya dafa, ba ya sayar da ko ɗaya sai ya fara shafa wa idonsa da hantsi, ya jira har la'asar. In bai ji komai ba, sannan ya fita kasuwa.

Wata shekara, Sallah ta gabato, mai kawo masa kaki bai zo ba. Nomau ya sayar da akuyarsa, ya haɗa da ɗan abin da ke hannunsa, ya sayi kaki wajen wani baƙo da ya sauka a kasuwa. Kakin fari tas, ga ƙamshi. Allah kaɗai ya san abin da aka cuɗa a ciki. Ya dafa tukunyar da bai taɓa dafa irinta ba, ya cika kwanduna. Da hantsi ya ɗauki ɗaya, ya yi bisimilla, ya shafa a idonsa na dama.

Kafin azahar ido ya kama zafi kamar an watsa barkono. Kafin la'asar ya kumbura ya rufe. Gaje ta wanke da ruwa, ta wanke da nono, aka kira mai magani ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da kumburin ya saɓe bayan 'yan kwanaki, Nomau ya rufe idon hagu ya dubi ƙofar ɗaki. Bai ga ƙofa ba, bai ga haske ba.

Yana cikin wannan hali sai ga wani falke mai suna Jatau, wanda ke kai kaya kasuwannin nesa. Ya yi sallama, ya zauna, ya yi jaje, idonsa na kan kwandunan.

Ya ce, "Malam Nomau, abin da ya faru ya faru. Ka sayar mini da shi duka. Zan sirka da mai mai kyau, ƙarfinsa ya ragu. Inda zan kai shi, ba wanda ya san sunanka."

Jama'a, kada ku ɗauka maganar ba ta shige shi ba. Ta shige shi. Rumbu ya yi ƙasa, akuya ta tafi, ido ya tafi. Ya daɗe da kansa a sunkuye, zuciyarsa na ce masa ai in an sirka, wataƙila ba zai cutar ba. Can ya ɗago.

"Mutanen can da za ka kai wa, suna da idanu?"

Jatau ya yi dariya. "Suna da su mana."

"To, idanunsu nake ji, ba sunana ba. Na gode, amma ba na sayarwa ba ne."

Da falken ya fita, Gaje ta matso, muryarta ƙasa-ƙasa. "Maigida, me za mu ci?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Gaje. Kama mini kwandon nan."

Ku ji inda hankalinsa ya kai. Bai zubar a juji ba, kada yara su tsinta. Bai binne ba, kada wani ya tono. Shi da matarsa suka ɗauka a ka har bayan gari, inda mata ke gasa tukwane, yana tafe yana tuntuɓe don bai saba da ido ɗaya ba. Babbar matan, wata dattijuwa da ake kira Iya Tabawa, ta tare shi.

"Nomau, ina za ka da man Sallarmu?"

"Wuta na zo ara, Iya."

Ya kwance ƙyallen da ke fuskarsa. Ta dubi idon, ta dubi kwandunan. Gaje ce ta ba su labari, har da abin da ya yi shekara da shekaru yana yi kafin ya sayar musu. Matan na tsaye Nomau ya juye kwandunan cikin wuta, man ya narke, harshen wutar ya tashi sama. Wata daga cikinsu ta kai hannu ta taɓa idonta.

Washegari matan suka cika gidansa. Wannan da ɗan man kaɗe a ƙoƙo, waccan da guntun kakin da ta san inda ya fito, wata da ƙwaryar gero. Nomau ya dafa 'yar ƙaramar tukunya, ya ɗura, ya daskare.

Yanzu ku nutsu. Da hantsi ya ɗauki ɗaya, ya yi bisimilla, ya nufi idonsa na hagu da shi. Gaje ta riƙe hannunsa.

"Shi kaɗai ya rage maka. Kawo in gwada a nawa."

Iya Tabawa ta ce, "Ni na tsufa, ɗana. Gwada a nawa."

Ya ce, "Ni na dafa. In akwai cuta a ciki, ni ya kamata ta fara samu."

Ya shafa. Ranar ba a gasa tukunya ba, ba a toya ƙosai ba. Matan suka zauna a tsakar gida suna kallon fuskarsa, shi kuma yana jan carbi, don shi ma tsoro yake ji. Azahar ta yi, ya yi salla, ya dawo ya zauna. Da ladan ya kira la'asar, sai ya juya ya dubi matarsa.

"Ina ganinki, Gaje. Raba musu."

Kada ku jira in ce muku idon dama ya dawo. Bai dawo ba. Bai yi arziki ba. Haka ya rayu yana gwada kowace tukunya a ido ɗayan nan, Allah kuma ya tsare masa shi har ya koma gare Shi yana gani.

'Yan'uwa, darasin a fili yake: abin da ba za ka yarda ya taɓa jikinka ba, haramun ne ka miƙa wa ɗan'uwanka, ko ya san sunanka ko bai sani ba. Yau man idon nan a 'yar roba yake zuwa kamar jambaki, ana murɗa shi, ga shi da araha a kowane tiren talla. Akwai waɗanda ke sayar da shi a cikinmu. Kai da ka san naka ya lalace ka kankare kwanan watan lalacewarsa, fuskar wa za a shafa wa? Ke mai haɗa man shafawa a gida, kin yarda 'yarki ta shafa? Mai abinci, mai magani, mai gyaran birki, tambayar ɗaya ce.

Ba a ce ku ba da ido ba. An ce gobe da safe, kafin ku buɗe shago, ku dubi kayanku, ku ware wanda ba za ku kai gidanku ba, ku fitar da shi. Allah Ya ba mu ikon yi, Ya tsarkake mana abin da muke ci.