Zauren Cindo da Hatimi Bakwai

An ce wai an yi wani sarki a wani tsohon birni, mai ƙaunar abin da kakanni suka bari. Ya kafa doka cewa duk ginin da maginan dauri suka yi wa zane, ba mai taɓa shi, ko da mai gidan ne, sai da hatimin hakimai bakwai. Kowane hatimi kuwa kwana arba'in ne ransa.

A birnin akwai wani majemi, Cindo, wanda ya gaji zaure mai zane a gaba da rufin bakan gizo, da farantin tangaran manne a tsakiyar rufi. An ce in ka yi tari a ƙarƙashin farantin nan, sau biyu tarin ke dawo maka. Sai dai bangon baya, wanda ko ɗigon zane babu a jikinsa, ya tsage har ɗan akuya na ratsawa, ya kuma karkato kan ɗakin mahaifiyarsa, Inna Dela. Ita kuwa ta rantse ba ta barin ɗakin da ta haifi 'ya'yanta.

Cindo ya shiga neman a sakar masa bangon ya rushe ya sake. Magajin Gari ya ce sai ya ga hatimin Sarkin Magina. Sarkin Magina ya ce sai Galadima ya dawo daga ƙauye. Kafin ya sami na bakwai, na farko ya mutu, sai ya koma ya faro. Damina biyu yana wannan zagaye kamar jakin rijiya.

Wata safiya ɓaraguzan bangon suka faɗo cikin kokon Inna.

Ta ce, “Kai Cindo, yau kuma da ƙasa za a yi mini karin kumallo? Ko sai na mutu za su buga maka hatimin a kan likkafani?”

Ya ce, “Inna, saura biyu.”

“Bara ma saura biyu ka ce!”

Ran Cindo ya ɓaci. Ya kwashi takardun a kwando, ya ɗauki ƙwaryar kokon, ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Allah ya ba ka nasara, ga hatimi goma sha tara, matattu sha huɗu. Ga kuma abin da tsohuwata ta karya da shi. Fata ma, in ta daɗe a kwatamin jima, ruɓewa take yi.”

Sarki ya dubi hakimai. Galadima ya ce, “Ranka ya daɗe, kayan tarihi ba a yi musu gaggawa. Bangon nan zai ƙara shekara goma.”

Sarki ya ce, “Cikinku wa ya je ya gani?”

Ashe ba ko ɗaya.

Sarki ya ce, “Madalla. Tunda bangon lafiyayye ne, ranar da hadari ya fara haɗowa ku bakwai za ku zauna a gindinsa ku yi shawara a natse. Ba mai tashi sai kun yanke. Kada ku yi gaggawa.”

Bayan kwana uku gabas ta yi baƙi. Aka shimfiɗa musu tabarma cikin zauren, jikin bangon. Iska ta taso, ƙasa ta fara zubo wa Galadima a rawani. Inna Dela ta leƙo ta ce, “Sannunku da zuwa, manya. Ku ɗan matsa ciki, nan ne ya fi inuwa.” Sarkin Magina ya ɗaga kai ya hango sama ta cikin tsagar, sai ya yi tari, tarin ya dawo masa sau biyu. Kafin yayyafi ya sauka, hatimi bakwai sun hau takarda ɗaya: a rushe bangon baya, a bar bakan gizo da zanen gaba yadda suke.

Da aka kai wa sarki labari ya ce, “Abin da ya gagare ku damina biyu, kun gama shi kafin a dama fura. Laifin ma har da ni, da na yi wa ƙofa ɗaya makulli bakwai. Daga yau zama ɗaya, hatimi ɗaya, kuma a cikin ginin za a zauna. Gini mai kyau a tsare shi, mai kisa a rushe a sake shi.”

Cindo ya tayar da sabon bango kafin ruwa ya yi ƙarfi. Farantin nan yana nan, in ji waɗanda suka je suka yi tari.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai yi wa ɗakin hukunci kuwa, a fara zaunar da shi inda ruwan ke ɗiga.