Muzurun Alƙali da Yafiyar Hajo

An yi wani alƙali a garin Tudun Kanya, sunansa Malam Maikano. Mutum ne mai ilimi, amma ba abin da ya tsana irin shari'ar da za ta sa tuwonsa ya huce. Yana da wani tsohon muzuru mai kunne ɗaya, wanda ya daɗe yana kwanciya a zauren shari'a har ya iya magana, ya kuma iya tsiwa.

Wata rana aka gurfanar da Korau mahauci, wanda ya karya wa matarsa Hajo hannu da taɓarya don gishiri ya yi yawa a miya. Shari'a ta yi nisa, sai ga dangi sun zo suna cewa an yi sulhu, a kashe magana. Alƙali ya jiyo ƙamshin miya daga cikin gida, ya ce su dawo bayan azahar ya sallame su.

Yana wanke hannu sai muzuru ya ce, "Allah gafarta Malam, daga bakin Hajo ka ji yafiyar nan?"

"Kawunta ya faɗa, ita kuma ta gyaɗa kai."

"Haka Kande ta gyaɗa wa alƙalin Rafin Marke."

Alƙali ya ce, "Wace ce kuma Kande?"

Muzuru ya ce, "Miƙo kan kifin nan tukuna." Ya cinye, ya lashe baki, sa'an nan ya fara.

"Lokacin da kunnuwana suke biyu, na zauna a gidan wani maƙeri, Nomau, a Rafin Marke. Idan ƙarfe ya ƙi lanƙwasuwa, a kan matarsa Kande yake hucewa. Ranar da ya zubar mata da haƙoran gaba, wanta ya kai ƙara. Dattawa suka yi ta sintiri, wannan ya ce ta duba 'ya'yanta, wancan ya ce ta rufa wa gida asiri. Aka kai ta gaban alƙali, Nomau na zaune dab da ita, gwiwarsa na taɓa tata. Aka ce ta yafe? Ta gyaɗa kai.

"Sai uwar Nomau, Iya Tasalla, ta miƙe ta ce, 'Allah gafarta Malam, ni na haifi yaron nan, na san hannunsa, irin na ubansa ne. Kafin ka sake shi, ji abin da ya faru tsakanin kura da tunkiya.'

"Alƙali ya ce, 'To, Iya, a taƙaita.'

"Ta ce, 'Kura ce ta gutsure wa tunkiya wutsiya, aka kai ƙara gaban dila. Namun daji suka taru suka ce ai maƙwabta ne, a sasanta. Kura ta zo tana sharɓar kuka, ta rungumi tunkiya, ta ɗora mata hannu a wuya. Dila ya ce, tunkiya, kin yafe? Tunkiya ta ji farce a maƙogwaro, ta ce mee. Dila ya ce kun ji da kunnenku, ta yafe. Suka tafi tare. Da yamma aka ga kura ita kaɗai tana gyatsa. Aka ce ina ƙawar taki? Ta ce ai yanzu mun zama ɗaya. Malam, wadda farce ke wuyanta, ko me ka tambaye ta mee za ta ce.'

"Alƙali ya yi dariya, ya ce tsofaffi ba sa rabo da tatsuniya, ya sallami ƙara. Damina ba ta faɗi ba Nomau ya jefi Kande da guduma, idonta na hagu ya tsiyaye. Jifa na biyu ni ya samu, ya tafi da kunnena ɗaya. Alƙalin kuwa idanunsa biyu suna nan garau, har ƙiba ya ƙara."

Malam Maikano ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ture kwano.

Da aka dawo, ya kori kowa waje, har magatakarda, ya bar Hajo da wata tsohuwa daga cikin gidansa. Ya ce, "'Yata, ba kawu, ba miji. Kin yafe?"

Hajo ta waiga ƙofa, ta gyara hannunta mai ɗori, ta ce, "Allah gafarta Malam, komawa dai zan koma, ina da goyo. Amma tun da aka fara shari'ar nan Korau shi ke ɗebo ruwa. Jiya miya ta ƙone ƙurmus, ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba. Ran da ka kashe maganar nan, ran nan zai tuna inda taɓarya take."

Alƙali ya kira jama'a. Ya ce shari'a ba ta mutu ba, an jingine ta ne, kuma ko harara Korau ya yi wa Hajo, gidan yari zai kwana.

Korau ya ce, "Har yaushe, Allah gafarta Malam?"

"Har ranar da ta zo da ƙafarta, ita kaɗai, ta ce a kashe."

Kawun ya buɗe baki zai yi magana, alƙali ya ce, "Kai hannunka aka karya?" Ya rufe.

Da zaure ya watse, Malam Maikano ya dubi muzuru ya ce, "Gaskiyarka, la'ananne. Daga yau na daina karɓar yafiyar mace daga bakin mai gemu."