Mai Walda da Karyarsa Toka

An yi wani mutum mai walda, ya 'yan uwa, wanda Allah ya ba shi hannu mai kyau. Idan ya haɗa ƙofar ƙarfe, sai ka duba da kyau kafin ka ga inda ya liƙe. Shagonsa na bakin titi, gidansa na bayan shagon, yana zaune da matarsa da 'ya'yansu mata biyu, babu abin da suka rasa.

Wata rana ya yi wa wani mutum ƙofar gida, mutumin ya ji daɗin aikin har ya ba shi kyautar 'yar kwikwiyo, irin manyan karnukan nan na gadi. Launinta kamar toka, sai yaran suka sa mata suna Toka. Matarsa ce ke ba ta abinci, shi kuma ya ƙera mata keji a lungun tsakar gida, kusa da inda ake jibge rodi.

Da Toka ta kai wata takwas sai ta fara neman barbara. A lokacin mai walda ya riga ya ji yadda masu manyan gidaje ke rububin irin 'ya'yanta. Ya kai ta wurin likitan dabbobi, wani dattijo mai sanyin magana, ya tambaye shi inda zai samu namiji. Likita ya shafa ƙugunta, ya buɗe bakinta ya duba, sannan ya ce, "Malam, tsayi ne kawai ta yi, ita ma yarinya ce. Ƙashinta bai gama ƙwari ba. Ka bar ta ta kai shekara biyu, kuma in ta haihu ka bar ta ta huta kafin wani cikin."

Mai walda ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa jin karyar bola ta je asibiti neman izini ba. Ya ja igiyarsa ya fita.

A makon nan ya aro wani ƙaton kare wanda ya ninka Toka biyu. Da ta ƙi tsayawa, sai ya ɗaure mata baki da tsumma, ya ɗaure wuyanta a jikin ƙarfen kejin. Matarsa ta kwashe yaran ta shige ɗaki, ta rufe taga.

Toka ta haifi shida. Ba ta san abin da za ta yi da su ba, don ita kanta jiya-jiya take wasa da takalman yara. Ta kwanta a kan biyu suka mutu. Ya zane ta da wayar walda saboda haka. Huɗun da suka rage ya cire su daga nono suna sati uku, ya ce wa masu saye watansu biyu, ƙananan jiki ne da su. Kwana huɗu tana shinshina kusurwoyin kejin tana kuka, nono na zuba a kan siminti.

Kuna tsammanin ya tsaya nan? Duk lokacin da ta nemi barbara sai ya kawo namiji. Ciki na biyu, na uku, na huɗu, babu hutu a tsakani. Gashin bayanta ya zube, haƙarƙarinta suka fito ana iya ƙirga su daga ƙofar gida, ƙafafunta na baya suka fara rawa in ta miƙe. Ya ƙera keji na biyu da na uku don 'ya'yan da ba a saya ba, ya ɗora su a kan juna kamar akwatuna, na sama yana yi wa na ƙasa fitsari. Maƙwabta suka yi ƙorafin wari da kuka, ya ce kowa ya ji da gidansa. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ta ce masa abin da ba ya iya cewa wayyo shi ne abin tsoro, ya ce in tana son wa'azi ta je ta buɗe makaranta.

A haihuwa ta huɗu 'ya'ya biyu kawai suka zo da rai. Ya ga Toka ta gama amfani. Da rana tsaka ya sa ta a buhu, ya ɗaure bakin, ya ɗora a bayan babur ya kai juji ya jefar. Tana numfashi, ya 'yan uwa. Ya dawo ya wanke hannu ya ci abincinsa.

Ya ajiye mace ɗaya cikin 'ya'yanta don ta maye gurbin uwar. Wannan ko suna ba a sa mata ba, don yaran sun daina zuwa lungun. Tana wata bakwai ya haɗa ta da wanta, wanda suka fito ciki ɗaya da shi uwa guda, don kada ya sha wahalar aron namiji.

Ranar da naƙuda ta kama ta, tun safe take yunƙuri har azahar ta wuce, ɗa ya maƙale ya ƙi fitowa. Matarsa ta roƙe shi ya kira likita. Amma da wane ido zai kalli dattijon da ya yi wa dariya? Ya durƙusa a bakin kejin, ya danne ta da gwiwa, ya sa hannu zai jawo ɗan da ƙarfi kamar yana zare ƙusa daga katako. Azaba ta sa ta juyo ta cafke tafin hannunsa na dama, haƙoranta suka ratsa. Sai da ya buga mata guntun rodi sau uku kafin ta saki. Kafin la'asar ta mutu da 'ya'yan a cikinta.

Bai je asibiti ba. Ya san in ya je za a tambaye shi, labari ya kai unguwa, waɗanda ya ce su ji da gidansu su ji daɗi. Ya zuba wa ciwon baƙin mai, ya naɗe da tsumman shago, ya ce wa mutane ƙarfe ne ya yanke shi. Kwana uku hannun ya kumbura. Kwana shida yatsun suka yi baƙi, warin ya hana yaransa zama kusa da shi. Sai da zazzaɓi ya kayar da shi a bakin shago sannan maƙwabtan nan suka ɗauke shi zuwa asibiti. Likitoci suka ce an makara. Aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Da ya farfaɗo sai ya ga bandeji a inda hannu yake. Can ya ce wa matarsa, "Karyar nan ta cuce ni."

Ta ajiye kofin da ke hannunta. Ta ce, "Baban yara, karyar nan ko shekara ba ta cika ba."

Kafin a sallame shi ta kira dattijon likita ya kwashe sauran karnukan. Shago ya koma hannun wani, injin walda ya tafi. Yau mutumin da ke lanƙwasa rodi da hannu yana zaune a ƙofar gida, maɓallin riga ma sai an saka masa, alwala sai an zuba masa ruwa. Mutane na wucewa ta ƙofofin da ya ƙera, ba wanda ke tuna wanda ya yi su.

Ya 'yan uwa, babu wanda ya tilasta maka ajiye dabba. Amma ranar da ka rufe keji ka sa makulli a aljihu, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanka. In za ka haɗa ta barbara, ka bari ta girma, ka bar ta ta huta, ka bar 'ya'ya su ƙoshi da nonon uwarsu, ka saurari masu ilimin abin. Kada ka ce ai kare ne. Wa ya halicce shi? Wa ya sa masa jin zafi? Ba ya da bakin kai ƙara, amma Wanda ya yi shi yana gani, kuma ba ya mantuwa.

Allah ya kiyaye mu daga ƙeƙashewar zuciya da zaluntar abin da ba ya iya ramawa. Ya sa mu gane laifinmu tun gaɓoɓinmu na jikinmu. Amin.