Dabino a Kan Komin Dabbobi

An ce wani sarki a ƙasar Farisa ya sa aka juya masa labarin Annabi Isa daga littattafan Nasara zuwa Farisanci. Ya ba masu zane biyu aikin ƙawata shi: Firuz, Musulmi, da Awedis, Kirista ɗan Armeniya.

Da aka buɗe shafin haihuwa a fada, sai ga Maryam cikin shuɗin mayafi, jaririn kwance a komin dabbobi kamar yadda Nasara ke faɗa, bisa kansu kuma dabino ya sunkuyo da nunannun 'ya'ya kamar yadda Musulmi suka sani. Limamin Nasara ya ce an cusa dabinon. Alƙalin gari ya ce an cusa komin.

Sarki ya kasa zama. Ya je taga ya dawo, ya ɗauki littafin ya ajiye, ya sake ɗauka. Daga bisani ya ce, "Masu zanen nan kowannensu ya saci fili a littafina ya kafa addininsa. A ƙone shafin, su biyun su bar birnina kafin la'asar."

Waziri ya durƙusa. "Ya sarki, in maƙwabta biyu kowa ya share ƙofar gidan ɗan'uwansa, wanne ya keta iyaka?"

"Babu. Ina ruwan shara da littafina?"

"Allah ya ja zamaninka, a tambaye su."

Aka shigo da su, yatsunsu duk launi. Sarki ya daka wa Firuz tsawa: "Kai ka dasa dabinon nan?"

"Ranka ya daɗe, ni komin na zana. Awedis ya ba ni labarin yadda Maryam ta rasa masauki, abin ya tsaya mini a rai."

Awedis ya ce, "Dabinon nawa ne, ya sarki. Firuz ya ce an umarci Maryam ta girgiza shi ta ci. Na ga mai jego ce, ban iya barin ta da yunwa ba."

Firuz ya yi ƙasa da murya: "Sai dai ganyen ya yi masa yawa."

Awedis ya ce, "Jakin da ka zana fa? Kamar kare!"

Dariya ta kuɓuce wa sarki, sannan ya sake kallon shafin. Ya janye umarninsa, ya ce su koma bakin aiki.

Ya dubi waziri ya ce, "Saura kaɗan in kori mutum biyu saboda kyautar da suka yi wa juna. Sarkin da ya yanke hukunci bai tambaya ba, zatonsa ya hukunta, mutane kuwa ya zalunta."