Hawayen Sarki Arzika

A wani zamani mai nisa, tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, an yi wani sarki ana ce da shi Arzika. Ba da yaƙi ya yi suna ba, ba da dukiya ba, da kuka ya yi suna. In ya tsaya salla Liman ya fara karatu, sai hawaye su yi ta zuba har su jiƙa masa gemu. Fadawa kuwa kun san halinsu. Sarki na kuka sai su ɓarke, wani har da shessheƙa. Shekara tara ana haka.

Sai tsohon Liman ya rasu. Waziri Jatau ya kawo wani malami mai suna Shitu, aka naɗa shi. Ba a jima ba hawayen Sarki suka ƙafe ƙaf. Fadawa suka rasa ta yi: su yi kuka su riga Sarki, ko su yi shiru a gane da can ƙarya suke? Sai kowa ya riƙa satar kallon na kusa da shi a sahu.

Da aka yi wata biyu, Sarki ya kira Waziri ya ce, "Waziri, da in na yi sujada ba na son ɗagowa. Yanzu ina salla ina ƙirga azarar masallaci. Ko dai Allah ya juya mini baya, ko Limamin nan naka ya zo da wani abu. Na farkon ba zan iya ɗauka ba. Na ba ka zuwa Juma'a ta sama. In ba ka kawo mini dalili ba, a warware rawaninsa, a fitar da shi daga ƙasata, shi da iyalinsa."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita. Ya san Shitu ba shi da laifi. Amma ta ina zai nemo abin da shi kansa bai taɓa ɗanɗanawa ba? Don kuwa duk shekara taran nan, da ɓarin albasa a hannun riga yake zuwa masallaci.

Ya tara malamai. Ɗaya ya ce zunubi ne, Sarki ya yi azumi. Sarki ya yi uku, a na ukun da la'asar hawaye suka zo, har aka fara yi wa juna barka, kashegari kuma ƙayau. Wani ya ce a bincika madafa, ko an sa haram a tukunya. Wani ya ce ai ci gaba ne, Sarki ya wuce masu kuka. Na ƙarshe ya ce a'a, faɗowa ya yi. Kowa da littafinsa a buɗe. Waziri ya tashi bai san sama Sarki ya yi ko ƙasa ba.

Ran Litinin da hantsi ya fita ba tare da ya san inda za shi ba, sai ga shi a karofi, wurin marina. Ya tarar da tsoho Mantau, wanda Waziri ya kai wa rigarsa rini, yana tsamo ta daga ramin baba. Rigar ta fito koriya kamar ganyen rama.

Waziri ya daka tsawa. "Kai Mantau! Baƙi na ce maka, ka ba ni kore? Mayar da ita ka bar ta ciki ta sha sosai!"

Mantau ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, fada taka ce, karofi nawa ne. Tsaya ka gani."

Ya matse rigar ya baza ta a iska. Waziri na kallo, koren ya riƙa juyewa, har ya zama shuɗi.

Mantau ya ce, "A ciki sha kawai take yi. Sai ta fito waje take kamawa. A tsoma, a fitar, a tsoma, a fitar, har ta yi baƙi."

"In an bar ta ciki fa?"

"Ka samu shuɗi sama-sama, wanki ɗaya ya bi ruwa."

Waziri bai tabbata ya gane ba, amma ba shi da wata dabara. Ya aika aka kawo fararen rawuna biyu.

Ran Juma'a da safe fada ta cika, ga Liman Shitu a durƙushe. Sai ga Mantau da ƙatuwar tukunyar baba, wari ya gauraye zaure, fadawa suka toshe hanci.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan rawani tun Litinin yake cikin tukunya, bai fito ba. Wannan kuwa an yi ta tsoma shi ana shanyawa." Aka tsamo na farko, aka wanke su duka biyu a gaban Sarki. Na cikin tukunya ya fito fari-fari, dabbare-dabbare. Ɗayan ya tsaya baƙi wuluk.

Sarki ya dube su, ya dubi Waziri. "Wato kana nufin a shanye nake?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba. Abin da na gani ne na kawo."

Liman Shitu ya nemi izini ya ce, "Allah ya fi ƙarfin misali, ranka ya daɗe. Amma wata biyu ba ka ji daɗin salla ba, kuma ko ɗaya ba ka bari ba. Da daɗin ne yake kawo ka. Yanzu me ke kawo ka?"

Sarki ya juya wajen Mantau. "To tsoho, yaushe za a sake tsoma ni?"

"Zaki, shekara arba'in ina rini, ban taɓa ganin tufan da ya zaɓi lokacinsa ba."

Sai Waziri ya zazzage hannun rigarsa, ɓarin albasa ya gangaro har gaban Sarki. Ya ce, "In akwai wanda za a kora, ga shi. Ni ko sau ɗaya ba a taɓa tsoma ni ba."

Sarki ya ce kowa ya zazzage nasa. Albasa goma sha ɗaya aka tsinta, da barkono guda.

Sarki ya ce, "Ashe ni kaɗai nake kuka a garin nan, kuma mai gaskiyar cikinku nake shirin kora. Liman, tashi, rawaninka naka ne. Waziri, hukuncinka ka tsaya kusa da ni a sahu hannu wofi, mu jira tare."

Aka kwashe albasa aka kai madafa. Liman Shitu ya shiga gaba ya ja salla. Ranar ba wanda ya zubar da hawaye a masallacin, Sarki ma haka, kuma ba wanda ya fita sai da aka shafa.